Iya da Turmin Hajo

Kambarawa, Katsina.
Ranar Lahadi.

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa cikin ladabi, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zafin Minna, ya haƙuri da mu? Mu nan duk lafiya lau, sai godiyar Allah.

Kafin komai ina neman afuwa da na yi ƙarfin halin rubuto maka. Na san ba a saba ba. Tun da na yi wayo ban taɓa zama gabanka na yi doguwar magana ba, kai ma ko sunana ba ka kamawa, kamar yadda ake yi wa 'yar fari, kuma ban ga laifin haka ba. In Mama ta miƙo mini waya, daga "ina wuni" sai bakina ya ƙafe. Takarda ce kawai ba ta kallona. Mama za ta ɗauki hotonta ta turo maka. Ta yi alkawarin ba za ta karanta ba.

Baba, maganar Iya ce. Tun da ka ɗauko ta daga gidan Gobarau ka kawo ta nan, mahaifiyarka ba ta barci. In ka bugo waya takan ce maka lafiya lau, don ba ta son ta tayar maka da hankali, amma ni ce nake kwana a ɗakinta. Takan kwanta bayan isha'i, ta juya, ta tashi ta ja carbi, ta koma, ta sake tashi ta tambaye ni ko na kulle ƙofa. In na yi shiru sai ta ce, "Ke 'yar boko, mutuwa kika yi ko barci?" Ta ce unguwar nan kamar maƙabarta take, kowa ya ja doguwar katanga ya shige, ko tarin maƙwabci ba a ji. Ta rame, idanunta sun yi ja, kwanan baya kuma ta zuba gishiri a kokonta. Ni ma Malamar Lissafi ta tsayar da ni a gaban aji don na yi gyangyaɗi, ga jarrabawar fita saura kaɗan.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, jiya ta sa na sauko mata da akwatinta. Ta ce da zarar an yi ruwan farko za ta koma ɗakinta na Gobarau, don a can ne kawai barci ya san hanyarta. Baba, ka san ɗakin nan. Ka san tsagar da ke bangon gabas, da yadda azara ta lanƙwasa, ai saboda haka ka ɗauko ta. Na tuna mata, sai ta ce gara soro ya danne ta tana barci da ta mutu ido buɗe a kan tayil. Ba wasa take yi ba. Ƙwayar barcin da ka ce a karɓo a asibiti kuwa, ta ce a ba masu taɓin hankali.

Na yi iya ƙoƙarina. Ƙawata Jamila ta ce yayarta da sauti take barci a waya, wai akwai na ruwan sama, da na teku, da na tsuntsaye, kuma likitoci sun ce shiru mai yawa shi ma yana hana barci. Na ari wayar Mama na kunna mata na ruwan sama a hankali, ban gaya mata ba. Wallahi Baba, ban san Iya tana da sauran ƙarfi haka ba. Zumbur ta miƙe tana kiran a kawo daro da fanteka, a kwashe shanya, a duba indararo. Ta taka ni a hannu. Da na yi mata bayani sai ta dube ni ta ce, wanda ya kwana ƙarƙashin rufin ƙasa duk rayuwarsa, ta yaya ruwan sama zai sa shi barci? Ruwa ai tashi ake yi masa. Na ga gaskiyarta, amma hannuna har yanzu yana ciwo.

Na teku kuma ta ce iskar da ke zuwa gaban hadari ce, a rufe taga. Fanka tana sa ta mura. Da na kunna mata rediyo sai aka shiga sanarwar rasuwa, ta zauna tana tambayata ko na san dangin mamatan. Na sa mata karatun Alƙur'ani, na ce wannan dai ba za ta ƙi ba. Ba ta ƙi ba. Ta tashi ta ɗaura alwala, ta yafa mayafi, ta zauna daram, ta ce ba a miƙe ƙafa ana karanta zancen Allah, ni ma in tashi. Haka muka zauna har aka kai ƙarshen sura.

Ban san abin da ya rage ba. Ina roƙo ka yi mata magana da kanka, ko za ta ji taka.

Mama tana gaishe ka. Allah ya ƙara girma, ya dawo mana da kai lafiya.

'Yarka,
Zulaihat.

Kambarawa, Katsina.
Ranar Alhamis.

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan alheri, ina fatan jiki da aiki duk lafiya. Mama ta ce ka karanta takardata har ka ce rubutuna ya yi kyau. Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri.

Na ji lokacin da ka yi wa Iya magana a waya. Ta ce maka "to, to, Allah shi yi albarka." Kana kashewa ta sa na ninke mata zannuwa a akwati.

Amma ina ganin na gano bakin zaren, sai dai ina jin nauyin faɗa. Ka tuna Hajo mai fura, wadda gidanta ke jingine da bayan ɗakin Iya? Kowa ya san ba sa ga maciji. Tun ina ƙarama nake jin Iya tana cewa matar nan ta hana ta sakat, kullum bayan isha'i sai ta kafa turmi a gindin bangonta ta yi ta dakan geron furar gobe. Mama ta ce har gaban mai unguwa Iya ta taɓa kai ta. To shekaranjiya ina tsefe wa Iya kai, sai na ji tana buga yatsa a kan gwiwarta, dum, dum, dum, idonta a lumshe. Na ce, "Iya, ko dakan Hajo kike kewa?" Baba, da ka ga kallon da ta yi mini. Ta ce Allah ya sawwaƙe, abin da ta gode wa Allah da shi a gidan nan shi ne rabuwa da turmin waccan matar. Sai kuma ta ƙara da cewa, ita dai ta san in dakan ya fara, kafin a kai ga tankaɗe ba ta sanin inda kanta yake, don tsabar baƙin ciki.

Wato shekara da shekaru tana zagin abin da ke sa ta barci.

Ina neman izini in biya ta Gobarau ranar Asabar bayan darasin safe, in ɗauko sautin dakan a waya. Ba zan daɗe ba, kuma Mama ta yarda in kai ma ka yarda.

Ka huta lafiya.

'Yarka,
Zulaihat.

Kambarawa, Katsina.
Ranar Talata.

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan dubun gaisuwa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kuma ciwon bayan da Mama ta ce yana damunka ya yi sauƙi. Allah ya ƙara afuwa.

Na je, kamar yadda ka ba da izini. Na fara leƙa ɗakin Iya. Tsagar ta ƙara buɗewa, har ana hango hasken lungu ta ciki, ƙasa kuma ta zubo a inda gadonta yake a da. Ban shiga ba.

Sannan na yi sallama gidan Hajo. Na daɗe a zaure ina shirya abin da zan ce, da na shiga kuma duk ya gudu. Ta gane ni nan take, ta ce, "A'a, jikar Hindu ce? Kakar taki ta aiko a gani ko na mutu?" Na durƙusa na gaishe ta, na yi bayani kaina a ƙasa. Baba, matar nan ta yi dariya har ta riƙe bango. Ta kira matan gidan duka ta ce su zo su ji, wai Hindu da ta kai ta ƙara ita ce yau ta aiko a ɗauko mata daka a waya. Na ce ba ita ta aiko ni ba. Ta ce, "Na sani, ɗiyata. Ai ko wuta ta kama zanenta ba za ta roƙe ni ruwa ba." Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ashe ma Hajo ta daina daka. Tun bayan tashin Iya take kai gero inji, ta ce kafaɗa ta ƙi. Amma ta sa aka mirgino tsohon turmin daga bayan rumbu, aka zuba gero, ta hana kowa taɓa taɓarya. Ta ce in ba hannunta ba ne, Hindu za ta gane. Ta yi ta daka ina riƙe da waya, tana tsayawa tana numfashi, ina cewa ya isa, tana cewa in yi mata shiru. Da zan tafi ta ƙulla mini fura ta ce in kai, amma kada in ce daga ina take.

Bayan isha'i na ajiye wayar kusa da matashin Iya na kunna. Ta yi tsit. Na ce alhamdu lillahi a zuciyata, na ja zane. Can sai na ji ta ce in ƙara murya. Na ƙara. Ta ce in mayar da shi farko. Sai ta tashi zaune ta ce, "Wannan Hajo ce? Mi ya samu hannunta? Da ba ta tsayawa sai gari ya yi laushi. Ji yadda take haki." Daga nan barci ya ƙare, nata da nawa. Ta yi ta tambayata ko Hajo ta rame, ko tana tari, wa ke kai mata tallar furar, me ya sa ban duba ƙafafunta ba ko sun kumbura. Na tashi neman barci na ƙaro mata abin tunani.

Da safe ta sa Mama ta kira mai adaidaita, wai za ta je duba ɗakinta. Ni aka haɗa ta da ni, na rasa ƙarin darasin Kimiyya da ake yi mana ranar Lahadi. Ko kallon ɗakin ba ta yi ba, kai tsaye gidan Hajo ta shiga. Gaisuwarsu ta farko ita ce, Iya ta ce, "Ashe kin tsufa haka?" Hajo ta ce, "Ke kuma tayil bai ƙara miki ƙiba ba." Suka zauna a tabarma ɗaya suna ta tono tsofaffin laifuffuka, har da na wata kaza da ta mutu kafin a haife ni. Wata matar gidan ta zo tana dakan yaji a gefe. Ban ankara ba sai na ga kan Iya ya langaɓe jikin bango, bakinta a buɗe, Hajo tana tsakiyar yi mata gori. Hajo ta ɗora yatsa a baki, ta kore yara, ta ce wa mai dakan kada ta kuskura ta tsaya. Matar nan ta daka yajin da ya riga ya yi laushi har la'asar.

Hajo ce ta fahimtar da ni abin da na kasa ganewa. Ta ce wayata aikin banza ce, don Iya ba da kunne take jin daka ba, kunnenta ma ai ya yi nauyi. A ƙasa take jinsa. Da can turmin Hajo a binne gindinsa yake a jikin bango, kowane bugu sai ya bi ta ƙasa ya hau ƙafar gado. Ta ce, "Waya tana girgiza gado?"

Ta ba mu turmin da taɓarya kyauta, ta ce a gaya wa Hindu sadaka ce. Iya ta ce ba ta karɓi sadaka ba, diyya ce. Yanzu haka yana nan a bayan kicin.

Ga inda matsalar take, Baba. Na san ka hana daka a gidan nan saboda tayil da duwatsun simintin da ka sa aka shimfiɗa a tsakar gida, kuma na san wahalar da ka sha kafin a gama su. Mun gwada ɗora turmin a kan buhu da tsohuwar katifa, Iya ta ce kamar ana mari da auduga. Ina roƙon izini a ɗaga duwatsun da ke bayan tagarta, daidai faɗin turmi kawai, a binne gindinsa. Ni zan riƙa yin dakan. Akwatinta yana nan a ɗaure, barcin da ta yi a Gobarau ma ya ƙara mata hujja. Hadari kuma ya fara haɗuwa da yamma ta gabas.

Ina jiran amsarka ta bakin Mama. Allah ya ja kwana.

'Yarka,
Zulaihat.

Kambarawa, Katsina.
Ranar Litinin.

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka cikin girmamawa, ina fatan ka wuni lafiya, ya aiki, ya jama'ar wurin? Nan an yi ruwa, gari ya yi sanyi, kowa lafiya.

Mama ta ce da ta yi maka maganar duwatsun ka ce a bari sai ka zo ƙarshen wata ka gani da idonka. Na ji, kuma na yi niyyar bi. Amma ruwan bai jira ƙarshen wata ba.

Ranar Juma'a da rana aka yi shi, mai ƙarfi, har da iska. Yana ɗaukewa Iya ta yafa mayafinta, ta jawo akwatin da kanta har bakin ƙofar falo, ta ce a kira mata mai adaidaita. Mama ta roƙe ta, ta kira lambarka ba ta shiga. Da ƙyar Iya ta yarda ta kwana, da sharaɗin da sassafe za ta tafi, ko a kai ta ko ta taka da ƙafarta. Ka san Iya in ta ce da ƙafarta.

Baba, na saɓa maganarka. Ba Mama ba ce, ba ta ma sani ba sai da ta ji ƙara. Bayan magariba na ɗauki tsohuwar adda na ɗaga duwatsun bayan tagar. Ban fasa ko ɗaya ba, na jera su a jikin katanga yadda suke, in ka ce a mayar za su koma. Na haƙa ramin, na mirgino turmin, na danne gefensa da ƙasa. Da aka idar da isha'i na zuba gero na fara.

Ban taɓa sanin taɓarya tana da nauyi haka ba. Ban yi nisa ba aka buɗe taga. Na ɗauka godiya Iya za ta yi. Sai ta ce, "Wace marar tarbiyya ce ke hana mutane barci?" Na ce ni ce. Ta ce ta sani, ai daga jin hannun an san na 'yar boko ne, kamar kaza na tsattsagar tire. In ɗaga taɓaryar sama sosai, in bar ta ta faɗo da nauyinta, in daina sauri kamar ana kora ta. Na gyara. Ta ce yanzu kuma na cika jinkiri. Ta ce Hajo, duk da mugun halinta, ba ta taɓa yin daka irin na ragwaye ba. Ina daka ina hawaye, don haushi da zafin hannu, ita kuma tana ta faɗa daga kan gado. Faɗan ya riƙa raguwa, ya koma gunaguni. Sai Mama ta leƙo ta ƙofar kicin ta yi mini alama da hannu in ci gaba, kada in tsaya.

Iya ta makara sallar asuba. Mama ta ce tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa ganin haka ba. Da ta tashi ta rama sallar, ta sha koko kofi biyu, sannan ta ce ita ba ta runtsa ba ko kaɗan saboda hayaniyata. Ba wanda ya yi maganar mai adaidaita. Da hantsi ta ce in mayar da akwatin ɗaki, wai yana tare hanya. Jiya kuma ta sa na fito da zannuwan na jera a durowa, don kada su yi warin akwati.

Da rana Hajo ta aiko a gaya mana bangon gabas na ɗakin Iya ya zube a ruwan Juma'a. Ba a gaya wa Iya ba tukuna. Mama ta ce kai ya kamata ka faɗa mata.

Yanzu halin da ake ciki, tafin hannuna duk ya yi ƙuraje, da ƙyar nake riƙe biro, shi ya sa rubutun ya karkace, ka yi haƙuri. Garin gero ya cika mana robobi, Mama ta fara rabawa maƙwabta, kuma kowa a gidan ya gaji da fura. Iya ta ce daren da na huta za ta san ban damu da ita ba. Sannan ashe tana minshari, Baba. Ba wanda ya taɓa gaya mini. Ita tana barci, ni ina kallon silin. Na gwada sautin ruwan saman nan a kunnena, ni dai ya yi mini amfani.

Ban rubuto don in wanke kaina ba. Gidanka ne, ka ce a jira, ban jira ba. In ka ce a cire turmin a mayar da duwatsun, zan mayar da hannuna, kuma duk hukuncin da ka yanke na karɓa. Abu ɗaya nake roƙo, in haka ka zaɓa, ka gaya wa Iya da bakinka, don ni ba zan iya ba.

Mama tana gaisuwa. Iya ma ta ce a gaishe ka, a kuma gaya maka in za ka zo ka taho da gero mai kyau, na kasuwar nan duk tsakuwa ne.

In ban yi laifin da zai sa ka hana ni ba, ina neman izini in riƙa rubuto maka lokaci-lokaci, ko da ba maganar Iya ba ce. In ka yarda, ba sai ka ce komai ba. Ka gaya wa Mama kawai.

'Yarka mai biyayya,
Zulaihat.